Yadda Ake Raka Matar da Aka Ci Zarafinta Daga Gidan Mafaka Zuwa Zama Cikin Jama'a

Ranar da mace ta ɗauki 'yar jakarta da 'ya'yanta ta fito daga gidan mafaka, mutane da dama sukan ɗauka cewa aiki ya ƙare, har a riƙa yi wa ma'aikatan gidan sannu da ƙoƙari. Alhali kuwa a cikin gidan akwai mai gadi a bakin ƙofa, akwai abinci a kan lokaci, akwai ma'aikaciyar da za ta saurare ta ko da tsakar dare ne, akwai kuma wasu mata da suka sha irin abin da ta sha, waɗanda ba sai ta yi musu dogon bayani ba. Duk waɗannan suna yankewa ne a rana ɗaya. Da dare ya yi za ta samu kanta a ɗakin hayar da ba ta saba da shi ba, ko a ɗakin mahaifiyarta inda kowa ke jiran ya ji yaushe za ta koma, ga yara suna neman abinci, ga wayarta tana ta ruri da lambar mutumin da ta kuɓuta daga hannunsa. Watannin da ke biyo bayan rabuwa suna cikin lokutan da mace ta fi shiga haɗari, domin namijin da ya saba da iko a kanta yakan ƙara zafi idan ya ga ikon yana kufce masa.

An rubuta wannan bayani ne domin ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, da 'yar ƙungiyar mata, da 'yar sa-kai, har ma da 'yar uwar da ta ɗauki nauyin tsaya wa irin wannan baiwar Allah. Zan kira ta mai rakiya. Tsarin lokacin da zan bi ya samo asali ne daga birnin New York, inda aka fara gwada shi a kan maza marasa muhalli masu taɓin ƙwaƙwalwa da ke barin gidajen mafaka, aka kuma buga sakamakon gwajin a 1997. Ana kiransa CTI a taƙaice, ma'anarsa tallafi a lokacin da ya fi tsanani, kuma wata tara yake ɗauka, an raba shi zango uku na wata uku-uku, ziyarar mai rakiya tana raguwa daga zango zuwa zango. Masu bincike na Jami'ar Radboud a ƙasar Holan sun gwada shi a kan matan da ke barin gidajen mafaka, sakamakon da suka buga a 2018 ya nuna raguwar alamun firgicin da ke biyo bayan azaba da raguwar bukatun da ba a biya ba, amma bai nuna bambanci ba wajen sake cin zarafin matan. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a wurina, domin yana nufin cewa rakiya ita kaɗai ba ta wadatar da shirin kare kai, dole a yi wa tsaro nasa aikin daban.

Mataki na farko: a fara tun tana ciki

Kada mai rakiya ta bari sai ranar fita sannan ta gabatar da kanta. Ta fara zuwa gidan mafakar makonni kaɗan kafin ranar, ta zauna da matar sau biyu ko uku, ba tare da ta sa ta sake labarta abin da ya faru daga farko ba, domin an riga an rubuta shi, kuma maimaita shi yana fama mata ciwo. Tambayar da ta fi amfani ita ce: "Yaya, idan kin fita daga nan, mene ne ya fi damun ki?" Daga amsarta ne za a zaɓi abubuwa biyu ko uku, ba fiye da haka ba, waɗanda za a sa a gaba. Wata za ta ce wurin kwana, wata za ta ce ɗanta da aka ƙwace, wata za ta ce takardar saki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ko da mai rakiya tana ganin wani abu ya fi gaggawa, ta faɗi ra'ayinta a fili, amma ta bar zaɓin a hannun mai shi. Macen da ta shekara da shekaru ana yanke mata hukunci ba tare da an tambaye ta ba, ba za ta miƙe da ƙafarta ba idan mai taimakon ta ma ta ɗauki wannan salon.

A wannan zaman ne kuma za a yi maganar sirri dalla-dalla: wa ta yarda a gaya wa inda take, wa ba ta yarda ba, kuma a wane hali ne mai rakiya za ta nemi agaji ko da ba ta samu izininta ba, wato idan rai yana cikin haɗari, nata ko na yaro. A gaya mata tun yanzu cewa rakiyar ta wata tara ce, domin kada ranar rabuwa ta zo mata ba zato.

Sannan a tattara takardu. Takardar lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, da katin zaɓe, da takardun haihuwar yara, da katin rigakafinsu, da sakamakon makarantarsu, da rahoton likita idan an duba raunukanta, da duk wata takardar kotu ko ta 'yan sanda. Mafi yawan mata da kayan jikinsu kaɗai suke gudowa, don haka za a tarar wasu takardun suna can gidan mijin. Kada a aika ta ɗauko su. A nemi sababbi daga inda aka bayar da su, a ɗauki hoton kowacce, a ajiye kwafi ɗaya a wurin wadda ta amince da ita.

Mataki na biyu: a auna haɗari, a tsara kariya

Wannan shi ne matakin da ba a yi masa gaggawa. A zauna su biyu kawai, ba yara a kusa, a yi tambayoyin kai tsaye. Ya taɓa shaƙe mata wuya? Ya taɓa zare mata wuƙa, ko adda, ko bindiga? Ya taɓa cewa zai kashe ta, ko ya kashe kansa, ko ya ce idan ba shi ba to ba kowa? Ya dake ta tana da ciki? Dukan yana ƙaruwa a 'yan watannin ƙarshe? Yana shan ƙwaya ko giya? Yana bibiyar ta ko yana sa a bibiye ta? Batun shaƙe wuya ya cancanci kulawa ta musamman, domin mata da yawa ba sa ambaton sa sai an tambaya, tunda sau da yawa ba ya barin tabo, alhali binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa matar da mijinta ya taɓa shaƙe ta, haɗarin ya kashe ta daga baya ya kai kusan ninki bakwai. Idan ta amsa da e a kan ɗaya daga cikin waɗannan, to kada ta sauka a gidan da ya sani sai an yi tanadi mai ƙarfi. Idan kuma ta ce a jikinta tana jin zai iya kashe ta, a ɗauki maganarta da gaske ko da sauran amsoshin sun zo da sauƙi.

Bayan nan sai waya, wadda a yau ita ce ƙofar da ta fi saurin buɗewa. Sau da yawa mijin ne ya saya mata wayar, shi ya buɗe mata adireshin imel ɗin da ke cikinta, shi ya san lambobin sirrinta, wani lokaci ma da sunansa aka yi wa layin rajista. Abin da ya fi shi ne sabon layi da aka yi wa rajista da NIN ɗinta, da sabon imel, da sababbin lambobin sirri na WhatsApp da Facebook da na banki. A kashe abin da ke nuna wurin da wayar take. Tsohon layin kada a jefar da shi, a cire shi a ajiye, domin saƙonnin barazanar da ke shigowa cikinsa shaida ne a gaban alƙali, sai a ɗauki hotonsu da kwanan watansu. A ja kunnen ƙawaye da 'yan uwa kada su sa hotonta ko na yaran a shafukansu, domin ƙofar gida ko allon shago da ya fito a bayan hoto ya isa ya nuna unguwa.

Sai a tsara abin da za ta yi idan ya bayyana. A samu maƙwabciya ɗaya da ta san halin da ake ciki, a yi yarjejeniya da ita a kan wata alama, kamar bugun bango sau uku ko aiko yaro da wata kalma da su biyu kaɗai suka san ma'anarta. A haɗa 'yar jaka mai ɗauke da kwafin takardu, da kuɗin mota, da magunguna, da kayan sawa kaɗan, a ajiye ta a gidan maƙwabciyar. Ta haddace lamba biyu a ka, ta ajiye lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa da ta kiran gaggawa ta ƙasa, wato 112. A koya wa yara masu wayo cewa aikinsu shi ne su fita su kira mutane, kada su shiga tsakani. Wannan shiri ba a yin sa sau ɗaya a rufe, ana sake duba shi duk lokacin da wani abu ya canja, musamman ranar da sammacin kotu ya isa hannun mijin, da ranar zaman kotu, da ranar da ya ji labarin wani yana neman aurenta.

Mataki na uku: wurin zama

A ƙasar Hausa yawancin mata gidan iyaye suke komawa, kuma idan gidan yana da mutanen da za su tsaya mata, babu inda ya fi shi. Sai dai dole mai rakiya ta je da ƙafarta kafin ranar, da izinin matar, ta zauna da mahaifi ko waliyyi, ta ji da kunnenta. Gidan da ya karɓe ta da niyyar ta huce a mayar da ita, kamar yadda ake yi wa mai yaji, ba mafaka ba ne. Idan haka ne, a duba gidan goggo, ko na kawu, ko na yaya a wani gari. Na taɓa ganin uwar da ta rungume 'yarta tana kuka ranar da aka kawo ta, amma kafin mako ya zagayo ita da kanta ta faɗa wa surukin nata lokacin da 'yar ke zuwa ɗiban ruwa, ba don mugunta ba, don tana ganin gyaran aure take yi. Da an zauna da ita tun farko an nuna mata rahoton likita, da wuya ta yi haka.

Idan haya za a kama, a san cewa a biranenmu kuɗin shekara guda ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali, kuma masu gidaje da yawa ba sa son ba wa macen da ba ta da miji. A nan ne ake bukatar dattijo ko dattijuwa mai mutunci da za ta tsaya mata a gaban mai gida. Gidan haya mai mutane ya fi gida shi kaɗai a bayan gari, ko da na bayan garin ya fi araha. Mai rakiya ta duba ɗakin da idonta: ƙofar tana da sakata ta ciki mai ƙarfi, tagar tana da ƙarfe, banɗakin yana cikin gida ko sai an fita waje da dare, akwai wata hanyar fita idan an tare ƙofar gaba? A canja kwaɗo tun ranar farko. Takardar haya da rasit su fito da sunanta. Kuma tun ranar da aka biya kuɗin shekarar farko a fara lissafin ta biyu, a raba kuɗin gida goma sha biyu, ta san abin da za ta riƙa warewa duk wata, domin ƙarewar haya tana daga cikin abubuwan da ke mayar da mata hannun waɗanda suka guje wa.

Kayan ɗakinta nata ne, kuma sau da yawa su ne kaɗai dukiyarta. A kwaso su ta hannun manya daga ɓangarorin biyu, ko da rakiyar jami'in kotu ko ɗan sanda, a rubuta abin da aka kwaso a gaban shaidu. Ita kada ta je, idan kuwa dole ne sai ta je, kada ta shiga ɗaki ita kaɗai.

Mataki na huɗu: matsayinta a shari'a

Mace ba ta samun natsuwa matuƙar ba ta san ko matar aure ce ita ko ba matar aure ba. Saboda haka a haɗa ta da lauya da wuri, kuma akwai inda ake samu ba tare da biya ba: ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da Hukumar Taimakon Shari'a ta Ƙasa, da ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA, da ofisoshin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke jihohi. Aikin mai rakiya ba shi ne ta zama lauya ba, amma ya kamata ta san abubuwa kaɗan domin ta iya yin tambayar da ta dace.

Ga Musulma, kotunan shari'ar Musulunci na Arewa mazhabar Malikiyya suke bi, kuma a cikinta mace tana da haƙƙin neman alƙali ya raba aure saboda cutarwa idan ta kawo shaida, ba tare da ta mayar da sadaki ba. Wannan daban yake da khul'i, inda take fansar kanta da mayar da sadaki ko abin da aka daidaita a kai. Mata da yawa suna faɗawa khul'i, su ci bashi su biya, saboda ba wanda ya gaya musu cewa rahoton likita da shaidar maƙwabta za su iya isar musu. Wani bambancin da ya shafi tsaro shi ne, idan mijin ne ya yi saki ɗaya ko biyu da kansa, yana da damar yin kome kafin idda ta cika, amma rabuwar khul'i da wadda alƙali ya yi saboda cutarwa ba su da kome sai da yardarta da sabon ɗaurin aure. Kowace iri ce, a tabbatar ta riƙe takarda a hannu. Game da yara, a Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta yi aure ta tare, ciyarwa da tufatarwa suna kan uba, idan kuma uwar ta auri wani bare, riƙon yakan koma hannun kakarsu ta wajen uwa. Barazanar "zan ƙwace 'ya'yana" ita ce igiyar da aka fi ɗaure mata da ita, kuma jin wannan hukunci daga bakin alƙali ko malami yakan kwance ta. Ga Kirista da aka ɗaura aurenta a ƙarƙashin dokar aure ta gwamnati, Babbar Kotu ce ke raba shi, auren gargajiya kuma kotun gargajiya ko ta yanki.

Sai dokar hana cin zarafin mutane ta VAPP, wadda aka sa wa hannu a 2015. Ta tarayya tana aiki ne a Abuja, inda hukumar hana fataucin mutane ta NAPTIP ke kula da aiwatar da ita, jihohi kuma kowacce sai ta kafa tata, don haka a tambayi lauya abin da dokar jihar ta tanada. Dokar ta haramta dukan abokin aure, da korarsa daga gida da ƙarfi, da watsar da iyali ba abinci, da bibiyar mutum, ta kuma ba kotu ikon bayar da umarnin kariya da zai hana shi kusantar gidanta ko wurin sana'arta. Idan an samu umarnin, a kai kwafi ofishin 'yan sandan unguwar da ta koma, ta riƙe ɗaya a jakarta. Ranar zaman kotu mai rakiya ta tafi tare da ita, su isa da wuri, su bari ya riga su tafiya, kuma kada su bi hanyar gida kai tsaye.

Mataki na biyar: wata ukun farko

A wannan zango ziyara tana da yawa, aƙalla sau ɗaya a mako, da waya a tsakani, kuma a makon farko ya kamata a leƙa ta washegarin tarewa. A jihar Michigan ta Amurka an taɓa gwada haɗa matan da suka bar gidan mafaka da ɗalibai mata da aka horar, suna aiki tare awa huɗu zuwa shida a mako har mako 10, kuma bayan shekara biyu an tarar waɗannan matan sun fi sauran samun sauƙin duka da samun mutanen dogaro. Abin da masu rakiyar suka yi ba wani abu ne mai wuya ba, tafiya ce tare da mace zuwa inda bukatarta take. Don haka kada a miƙa mata takarda a ce ta je ofishi kaza. A je tare a karo na farko, a gabatar da ita ga mutum mai suna da fuska, a karɓi lambarsa.

Abin kashewa shi ne kan gaba. A buɗe mata asusun banki da sunanta, saƙon shigar kuɗi yana zuwa sabon layinta. A fara da sana'ar da hannunta ya riga ya iya, ko ƙosai ne, ko awara, ko kitso, ko lalle, ko ɗinki, ko turaren wuta, maimakon a tura ta koyon sabuwa ta wata shida alhali yara suna bukatar abincin gobe. Ƙaramin jari da aka haɗa da abincin wata ɗaya ko biyu ya fi babban jari shi kaɗai, domin jarin da ya shiga gidan da babu hatsi tukunya yake faɗawa, keken ɗinkin da aka raba a taro kuma ya ƙare a kasuwa. A nemi taimako a ma'aikatar harkokin mata ta jiha, da hukumomin zakka irin na Kano da Sakkwato, da ƙungiyoyi irin su FOMWAN ta mata Musulmi, da kwamitin masallaci ko na coci. Ban ga hikimar sa ta ci bashi mai wa'adi a wannan zango ba. Idan ciniki ya fara tafiya, ta shiga adashi da matan unguwa, wanda bayan tara kuɗi yana ba ta ƙawaye.

Yara su koma makaranta cikin makonni biyu idan zai yiwu, kuma a gaya wa shugaban makarantar da malamin Islamiyya, cikin sirri, sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki yaran. Idan kotu ta ba uban damar ganin su, a riƙa miƙa su a gidan wani babba, ba a ƙofar ɗakinta ba. Fitsarin kwance, da faɗa, da manne wa uwa abubuwa ne da ake gani ga yaran da suka ga ana dukan mahaifiyarsu, kuma duka ba ya gyara su.

Lafiyarta ma a sa mata ido. Sau da yawa sai mace ta samu wurin da ba a dukan ta sannan jikinta yake saki: rashin barci, mugayen mafarkai, firgita idan an buga ƙofa, ciwon kai, kuka ba dalili. Dangi za su ce aljanu ne ko sammu. Addu'a da karatun Alƙur'ani suna kwantar mata da hankali, kuma ba sa hana ganin likita, don haka a haɗa biyun. Idan abin ya wuce wata guda ko ya hana ta kula da kanta, a kai ta asibiti, akwai na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Idan akwai fyaɗe a cikin lamarin, cibiyoyi irin su Salama a Kaduna, da Waraka a Kano, da Nana Khadija a Sakkwato an kafa su ne domin wannan. Idan ta fara cewa gara ta mutu ta huta, a tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, tambayar ba ta sa mutum ya aikata, idan ta ce e kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta ga likita a ranar.

Idan an zo biko

Za a zo, kuma yawanci a cikin wannan wata ukun. Za a turo baffa, ko aminin uba, ko limamin unguwa, mutanen da take jin nauyinsu, za a ce ta yi haƙuri, aure ibada ne, ta dubi 'ya'yanta, ya yi nadama. Kada mai rakiya ta ɗauki waɗannan dattawa a matsayin abokan gaba, domin yawancinsu ba su san girman abin da ya faru ba, an gaya musu saɓani ne irin na harshe da haƙori. Da izinin matar, a same su cikin ladabi a ce: "Allah gafarta Malam, ba sulhu muke ƙi ba, amma ga abin da likita ya rubuta, ga kuma saƙon da ya aiko mata shekaranjiya." Addinin da ya yi umarni da sulhu ta hanyar wakili daga danginsa da wakili daga danginta, a aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, shi ne ya hana riƙe mata domin a cutar da su a aya ta 231 ta Suratul Baƙara, kuma malamai sun san ƙa'idar ba cuta ba cutarwa. Limamin da ya fahimci lamarin yakan zama garkuwar da ta fi kowace ƙarfi a unguwa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a zaunar da ita gaba da gaba da wanda ya shaƙe ta a ce ta faɗi laifinsa.

Yana yiwuwa bayan duk wannan ta ce za ta koma. Abin yana da ciwo ga mai rakiya, amma mata da yawa sukan fita su koma fiye da sau ɗaya kafin su rabu gaba ɗaya, saboda yara, ko talauci, ko gorin zawarci, ko ƙaunar da ba ta mutu ba. A gaya mata gaskiyar haɗarin da ake gani ba tare da ɓoyewa ba, a nemi a rubuta sharuɗɗan komawar a gaban shaidu ko alƙali, a bar jakar nan da kwafin takardu a inda suke, asusun bankinta ya ci gaba da zama nata, a kuma daidaita hanyar da za a riƙa jin lafiyarta ba tare da an jawo mata fitina ba. Kada a yi fushi da ita, domin matar da aka yi wa fushi kunya za ta hana ta kira ranar da ta fi bukatar kira.

Mataki na shida: wata na huɗu zuwa na shida

Yanzu ziyara ta koma sau ɗaya a mako biyu, kuma aikin shi ne a gwada ko abin da aka ɗaura yana riƙewa. Ta je ofishin lauya ita kaɗai, ta dawo ta ba da labari. Idan kuɗin ciyarwar da kotu ta yanke bai zo ba, ita za ta koma ta sanar da magatakarda, mai rakiya tana bayanta. Inda aka ga igiya ta yi sako-sako, kamar jami'ar da aka yi wa canjin wurin aiki ko maƙwabciyar da ta tashi, sai a nemo madadinta.

Mataki na bakwai: miƙa ragama

A wata ukun ƙarshe ziyara sau ɗaya a wata ta isa. A zauna a lissafa mutanen da za ta nema bayan mai rakiya ta janye, kowace bukata da nata mutum: wa za ta kira idan ya bayyana da dare, wa za ta samu a kan shari'a, wa zai riƙe mata yara idan ta kwanta ciwo, wace ce za ta zauna da ita su yi hira kawai. Idan aka tarar sunan mai rakiya ne ke fitowa a kowane layi, to aikin bai kammala ba, sai a yi amfani da sauran makonnin a cike gurbin. A rubuta sunayen da lambobinsu a takarda, idan ba ta karatun boko a rubuta da ajami ko a naɗa mata a murya a wayarta. A sake bin shirin kariya daga farko, a ƙirga abin da aka tara na hayar baɗi, a duba ranar da umarnin kariya zai ƙare idan yana da wa'adi, domin a nemi sabuntawa kafin lokacin.

Idan ta yarda, a yi zama na ƙarshe da mutum biyu ko uku daga cikin waɗanda aka lissafa, kowa ya ji abin da ya ɗauka a gaban sauran. Sannan a gaya mata a fili cewa rakiyar ta ƙare amma lambar gidan mafaka tana nan, kuma idan barazana ta dawo, ko ya gano inda take, ko ta koma gidansa abin ya sake ɓaci, za a karɓe ta ba tare da an tambaye ta dalilin da ya sa ba ta ji shawara ba, a sake auna haɗarin daga tambayar farko.